Harshen Malamin Asibiti a Ƙasar Noman Rani

Ba kasafai akan sami wanda ya fara koyon aikin asibiti sa'an nan ya juyo ya shiga Sashen Hausa ba, saboda haka ban ga laifin abokan karatuna ba da suke yawan tambayata abin da ya kawo ni. Waɗansu da zolaya suke yi, su ce na ajiye allura na ɗauki alƙalami. Waɗansu kuwa tsakani da Allah mamaki suke yi, domin a ganinsu na sauka daga kan doki na hau jaki. Amsar da nakan bayar a tsaitsaye ba ta ƙosar da kowa, shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta ta a tsanake cikin wannan mujalla tamu, musamman da yake abin da zan faɗa ya fi shafar malamanmu a kan yadda ya shafe ni.

Ni mutumin ƙasar Bunkure ne, daga wani ƙauye da kanal ya ratsa ta gabas da shi. Kafin ruwan Tiga ya zo, kakanninmu noman damina kaɗai suka sani, sai fa ɗan lambu a fadama wanda ake ba ruwa da jigo, kuma da zarar an gama girbi samari sukan watse su tafi cin rani. Gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka gama ta a 1974, aka jawo ruwan ta babban kanal ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rarrabu ya bazu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, kula da aikin ya koma hannunta. Ruwan gangare yake bi da kansa, daga babban kanal zuwa ƙanana, har ya kai bakin komin manomi, kuma akwai tafkuna da aka haƙa musamman domin su tara ruwan da ya kwarara cikin dare. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya ga kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ko ya ji rugugin injinan casar shinkafa a Kura, ya san albarkar wannan ruwa. Da kuɗin tumatir da alkama aka biya mini makaranta, don haka ba ni ne zan kushe kanal ba.

Sai dai ruwa ba ya zuwa shi kaɗai. Inda duk ya kwanta ko ya yi tafiyar hawainiya cikin ciyawa, sauro yakan sami wurin haihuwa rani da damina, har ya zama zazzaɓin da ake sa ran ya lafa bayan kaka a waɗansu wurare, mu a wurinmu ba ya ɗaukewa sosai. Haka nan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi yakan yaɗu a gefen kanal da tafkunan nan na dare, shi ne kuwa masaukin tsargiya. Yadda abin yake tafiya shi ne, mai cutar ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin dodon koɗi ya hayayyafa, sa'an nan ya fito ruwa da yawan gaske ya jira mai wanka ko mai wanki ko mai ban ruwa. Ba sai an sha ba, ta fata yake hudawa ya shiga. In ya girma sai ya tare cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, yana ta zuba ƙwai, ƙwan kuwa yana da tsini a gindinsa, shi ke raunata mafitsara har a ga jini a ƙarshen fitsari. In aka bar shi shekara da shekaru yana iya lalata ƙoda, yana kuma iya jawo ciwon daji na mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da yadda take bi ta jikin dodon koɗi, shi ma a ƙasar Masar. Ba mu kaɗai abin ya sama ba. Ya sami manoman Jazira a Sudan bayan gina madatsar Sannar a 1925, cikinsu kuwa har da Hausawa 'yan'uwanmu da suka yada zango a can kan hanyar Makka. Ya sami mutanen bakin tafkin Bolta a Gana bayan madatsar Akosombo ta 1965, ya kuma sami mutanen Rishar Tol a Senigal bayan madatsar Diyama ta 1986.

Muna yara babu ɗayanmu da ya san ko kalma guda daga cikin wannan bayani. Da zafin azahar mukan tuɓe mu faɗa kanal, kuma cikin sa'o'ina zai yi wuya a nuna wanda bai taɓa ganin jini a fitsarinsa ba. Ba ma ɗaukarsa ciwo. Manyanmu sukan ce alamar girma ce ta zo, wasu su ce zafin rana ne, wasu su ce zama kan dutse mai zafi ne ya jawo. Ranar da na fara leƙa madubin likita a makaranta, na ga ƙwan nan da tsininsa kwance cikin ɗigon fitsari, na daɗe ban ɗago kai ba, domin tsohon abokin wasana ne nake gani ido da ido.

To, su wa ke fama da waɗannan cututtuka a ƙauye? Likita mai digiri yana babban asibiti, in an sa mu a hanya sai Kura ko birni. Wanda ke zaune a ɗan asibitin ƙauye, wanda kowa ke kira Likita ko da yake ba likita ba ne, shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, kuma makarantun koyon aikin lafiya na jiha su ke yaye shi. A nan Kano abin yana da tsohon tarihi. Tun a 1932 aka buɗe Makarantar Tsafta, wadda ta riƙa yaye duba-gari, mutanen nan da kakanninmu mata ke ba da labarin yadda ake rige-rigen wanke randa in an ji sun shigo unguwa. Daga baya aka sami makarantar koyon aikin lafiya a birni, da wata kuma a Bebeji, ƙasar da madatsar Tiga take ciki. Abin da ya ƙara wa irin wannan karatu daraja shi ne taron duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978, inda ƙasashe suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, kusa da gidajen mutane, shi ne ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya tsayin daka kan wannan manufa, kuma a 1992 aka kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma jarrabawa da rajista a duk ƙasa.

Shekara 3 na yi a ɗaya daga cikin waɗannan makarantu. Akwai ƙaramin kwas na shekara 2, akwai kuma sauran fannoni, kamar aikin ɗakin gwaji, da haɗa magunguna, da adana bayanan marasa lafiya, da kula da haƙori, da tsaftar muhalli. Karatu ne mai tsauri fiye da yadda 'yan jami'a suke zato. An koya mana sassan jikin ɗan Adam da aikinsu, da awon ciki, da rigakafi da yadda ake kiyaye sanyin allurar tun daga ma'ajiya har zuwa hannun yaro, da ɗinkin rauni, da kuma wani littafin ƙa'idojin aiki mai kauri, wanda ya zayyana wa ma'aikaci abin da zai tambaya, da abin da zai duba, da maganin da zai bayar, da kuma inda iyakarsa take, watau lokacin da ya wajaba ya tura majinyaci gaba. An kuma fitar da mu ƙauye mun zana taswirar gari, mun ƙirga gidaje da rijiyoyi da shaddodi, mun yi gaisuwa wurin dagaci da masu unguwanni kafin mu taka ƙofar kowa. Ina yi wa malamaina na can addu'ar alheri, don ba su rage mu da komai ba daga abin da manhaja ta tanada.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Manhajar ta ƙasa ce baki ɗaya, kuma da Turanci take. Da Turanci ake shiga, domin sai mutum ya ci darussa 5 a jarrabawar gama sakandare, Turanci da Lissafi da darussan kimiyya, Hausa kuwa ba ta cikin lissafin. Da Turanci ake karantarwa, da shi ake jarrabawa. Ranar da ɗalibi ya sa farar riga ya zauna gaban majinyaci a Bunkure, daga wannan rana har ya bar aiki da Hausa zai yi magana. Duk abin da ya haddace cikin shekara 3 sai ya juya shi zuwa wani harshe, nan take, shi kaɗai, yana ɗan shekara ashirin, ga layi ya kai bakin ƙofa. An ɗauka cewa tun da Bahaushe ne, ai magana ta ƙare. Mu da muke wannan sashe mun san cewa jin harshe daban, iya fassara daban, har ma darasi guda ake ware wa fassara ana kuma faɗuwa jarrabawarsa.

Bari in kawo misalai, don kada a ce yawan magana ce kawai ta ɗalibin harshe.

A asibitin da aka tura ni koyon aiki akwai wani dattijon malamin asibiti wanda ya kusa ritaya, kuma a wurinsa na fara gane cewa tambaya ma sana'a ce. In tsoho ya shigo ba ya ce masa fitsari, sai ya sassauta murya ya ce, "Baba, in ka zaga kama ruwa, bawalin lafiya yake fita?" In tsohon ya ce akwai ɗan ja-ja, sai ya bi shi da, "Jan nan, Baba, da fari yake zuwa ko sai ka kusa gamawa?" Wannan tambaya ta biyu tana cikin littafinmu, domin jini a ƙarshe shi ke nuna tsargiya. Amma kalmar bawali, da sassauta murya, da sallamar ɗan da ya rako tsohon ya jira a waje tukuna, babu su a littafi ko ɗaya, kuma in babu su tsohon cewa zai yi lafiya lau, ya karɓi maganin ciwon jiki ya koma gida. Haka nan wajen yanka kati. Mace za ta zo da yaro, a tambaye ta sunansa, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ɗaga murya ya maimaita, alhali kuwa ɗan fari ne, ba za ta faɗi sunansa ba, haka nan na mijinta. Dattijon nan sai ya juya wurin 'yar rakiya ya ce, "Ke 'yan mata, ya sunan ɗan yayarki?" Shekaru ma ba da lamba ake ba da su ba. Za a ce an haife shi da azumi, lokacin yankan alkama, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir. Wanda ya san cewa a 2016 aka yi annobar tsutsar tumatir a Kadawa da kewaye, shi ne zai iya cike gurbin shekaru a katin.

Wannan duk al'ada ce, kuma mai hankali yakan koye ta da zama. Wanda ya fi wuya shi ne sunayen cututtuka kansu, domin Bahaushe ya yanka gonar ciwo ta wata fuska, littafin Turawa ya yanka ta ta wata, kuma iyakokin ba sa haɗuwa. Ɗauki kalmar shawara. (Ba wadda ake nema wurin manya ba, ko da yake na taɓa ganin baƙon ma'aikaci ɗan kudu ya gyara zama yana jiran a ba shi ita.) In idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a tafi neman saiwa da sassaƙe. A littafi kuwa ɗorawar ido alama ce kawai, tana iya fitowa daga ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro da ya yi tsanani, ko amosanin jini, kuma kowanne hanyarsa daban. Mutane da yawa a wajenmu sun yi imani cewa mai shawara ba ya son allura, saboda haka yaron da zazzaɓi ya ci jininsa har idonsa ya canza, wanda allura da ƙarin jini za su cece shi, shi ne ake riƙewa a gida. Ma'aikacin da ya amsa da cewa, "E, shawara ce," ya faɗi gaskiya ta wata fuska, amma ya tura yaron wurin mai sassaƙe da bakinsa. Haka basir yake, buhu ne da ake zuba komai a ciki, tun daga taurin bayan gida har zuwa jini a bayan gida, alhali akwai wata tsargiyar ta hanji wadda ita ma jini take kawowa ta can. Wani sunan ma da bayaninsa yake tafe. Shan inna yana nufin Inna ce, watau iska, ta shanye ƙafar yaro, to yaya za a gaya wa uwa cewa ɗigo biyu a baki zai kare ɗanta daga iska? Waɗanda suka bi gida gida bayan dakatar da rigakafin nan da aka yi a Kano a 2003, har aka kai ga shelar kawar da cutar daga Afirka a 2020, yawancinsu irin ma'aikatan nan ne, kuma da bakinsu suka yi rabin aikin.

Amma babu kalmar da ta fi tsaya mini a rai kamar sanyi. 'Yan ajinmu mata, waɗanda su ke shiga ɗakin awo da cikin gidaje, su suka buɗe mini ido a kanta. In mace ta ce tana da sanyi, tana iya nufin ciwon mara, ko ƙaiƙayi, ko fitar ruwa, ko rashin haihuwa, ko duka. In ma'aikaci ya juya kalmar cikin kansa zuwa cutar da ake ɗauka ta wajen kwanciya, sai ya rubuta magani, ya ce a turo maigida shi ma ya sha. To, ƙwan tsargiya ba mafitsara kaɗai yake raunatawa ba, a jikin mace yakan maƙale a mahaifa da hanyarta, ya kawo waɗannan alamu ɗin sak. Yarinyar da ta tashi tana wanki da wanke-wanke a bakin kanal tana iya shiga gidan miji da shi ba ta sani ba. Mai karatu ya auna abin da zai faru a gidan da ke da kishiyoyi, ranar da amarya ta dawo daga asibiti da saƙon cewa Likita ya ce ciwon sanyi ne, kowa ya sha magani. Aure yana iya mutuwa a kan wannan, alhali maganin abin shi ne firazikwantel, irin wanda ake raba wa 'yan firamare bayan an auna tsayinsu da sanda, sha ɗaya bayan an ci abinci. Tambaya guda ce za ta raba gardama, watau ko tana shiga ruwan kanal, amma ba a yin ta sai in ma'aikacin ya san cewa kalmar da ya ji ta fi wadda ya karanta faɗi.

Wajen bayar da magani kuma wata rigimar ce. Sau uku a rana, a littafi, yana nufin bayan kowace awa 8. A kunnen manomi yana nufin safe da rana da yamma, ko ma duk lokacin da aka ci tuwo. Dattijon da na ambata ba ya faɗin awa, sai ya ce, "In ka idar da asuba ka sha, in ka idar da azahar ka sha, sa'an nan in za ka kwanta bayan lisha ka sha." In aka lissafa za a ga tazarar ta yi kusa da abin da ake so, kuma babu mai mantawa. Maganin zazzaɓin cizon sauro na yanzu sau 6 ake shansa cikin kwana 3, kuma ya fi aiki in an haɗa shi da abinci mai maiƙo ko nono, amma da zarar jiki ya yi sanyi a rana ta biyu sai a ajiye ragowar don wani yaron. Kalmar cokali ita ma ba ta da tabbas, tun da wani gidan cokalinsu ya kusa ludayi. A tsohon ma'aunin ruwan gishiri da suga da aka yaɗa a ƙasar nan, da kwalbar giya ake auna ruwan, ko kwalaben lemo 2, kuma ban san wanda zai shiga gidan malami a Kura ya nemi kwalbar giya ba. Yanzu da ake ba da garin a ƙulle, ma'aikata da kansu suka gano cewa ledar fiya wata 2 ita ce lita guda. Babu wanda ya rubuta musu wannan, bukata ce ta koya musu. Ga kuma sakamakon gwaji, wanda Turancinsa in an samu cuta yake kama da albishir, har ɗan sakandaren da ya rako uwarsa ya karanta takarda ya yi murmushi.

Akwai kuma maganin feshi, wanda noman rani ya shigo da shi kowane gida. Matasa suna goya tanki su yi feshi ba takunkumi, ana zuba fiya-fiya a kwalbar lemo a ajiye ƙarƙashin gado. In yaro ya sha, ko mai feshi ya shaƙa da yawa, za a ga yawu yana dalala, gumi yana karyowa, ƙwayar ido ta tsuke. Abin da aka saba yi a gida shi ne a ɗura masa manja ko madara ko a sa shi amai, wanda kan sa abin ya gangara huhu. Abin da ake bukata shi ne a tuɓe masa rigar, a wanke jikinsa, a garzaya da shi inda ake da allurar atirofin. Gargaɗin da ke jikin kwalbar kuwa, in ka duba, galibi da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe.

Ba na so a fahimce ni da cewa harshe ne kaɗai matsalar wannan aiki. Akwai waɗanda suka gama karatu suka shekara suna aikin sa-kai ba albashi, har suka gaji suka buɗe kemis. Akwai makarantun kuɗi da suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, har gwamnatin Kano ta rufe da dama daga cikinsu a 2022 saboda rashin izini. Waɗannan ba mu ke da maganinsu ba. Na harshen ne ya faɗo cikin gonarmu, kuma a nan ne nake da 'yar magana da malamaina, cikin ladabi.

Wannan fanni namu ya nuna cewa yana iya ƙera kalmomi in ya so. Kafin zuwanmu an zauna an samar da keɓaɓɓun kalmomin nahawu da adabi, aka tattara su a ƙamus ɗin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya a 1990, shi ya sa yau muke nazarin ginin jimla da tsarin sauti da Hausa ba tare da in-ina ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da sunayen cututtuka da tsirrai. Malamai irin su Farfesa Aliyu Muhammad Bunza sun yi rubutu mai yawa kan magungunan Hausawa, kuma kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundaye kan bokaye da wanzamai da unguwarzoma. Gidajen rediyo ma sun nuna hanya, da suka riƙa cewa cuta mai karya garkuwar jiki maimakon ƙanjamau, don sunan farko yana bayyana aikin cutar, na biyun kuwa tozarta mai ita yake yi. Amma duk wannan ilmi yana kan kanta a ɗakin karatu, makarantar aikin lafiya kuwa tana can wata unguwa cikin gari ɗaya, babu mai taka wa wani. Mun fi sha'awar nazarin yadda Bahaushen da ya yi magani a kan yadda Bahaushen yau yake bayyana ciwonsa gaban mai farar riga.

Abin da nake gani zai yiwu ba babba ba ne. Ɗan littafi ake bukata wanda zai shiga aljihun riga, wanda malaman Hausa da malaman aikin lafiya za su zauna su rubuta tare. Ba jerin kalma da takwararta ba, domin mun ga cewa shawara da sanyi da basir ba su da takwara guda. Kowace kalma a faɗi abin da masu ita ke nufi, da abin da suke ganin yana kawo ciwon, da cututtukan littafi da ke iya ɓuya ƙarƙashinta, sa'an nan tambayoyin da za su tantance, a rubuce da irin Hausar da za a iya yi wa surukar mutum. A bi da darasi ko da na zango ɗaya ne a makarantun nan, a kuma riƙa gwada ɗalibi da baki, a ga ko zai iya bayyana wa tsohuwa tafiyar tsargiya daga fitsari zuwa dodon koɗi zuwa fatar jikanta ba tare da ya sa Turanci ba. Ni dai na nemi iznin yin kundina na shekarar ƙarshe kan sunayen cututtuka a bakin manoman Kura da Bunkure, kuma na fara bin kasuwanni da majalisu da littafina a hannu. Tuni na lura cewa Hausar masu zuwa cin rani daga wasu jihohi lokacin tsinkar tumatir ba ta zama ɗaya da tamu a wannan fage, wani abin da muke kira da suna kaza su da wani sunan suka san shi.

Akwai kalma ɗaya da ta gagare ni, ina kuma roƙon malamanmu na ilmin ma'ana su dube ta. Ƙwayar cuta muke cewa ga duk abin da ido ba ya gani. Wanda ke kawo amai da gudawa ƙwayar cuta ne, wanda ke kawo ƙyanda ƙwayar cuta ne, na zazzaɓin sauro haka, har ƙwan tsargiya wasu haka suke kiransa. A littafi kuwa jinsi daban daban ne, kuma maganin da ke kashe na farko ba ya taɓa na biyu ko kaɗan. Muddin suna ɗaya muke ba su, ba ni da bakin da zan gamsar da uba cewa kafso ɗin da ya saya a kemis ba zai yi wa murar ɗansa komai ba, domin zai ce da ni, "Ai kai ka ce ƙwayar cuta ce, wannan kuwa maganin ƙwayar cuta ne." Sa'an nan ita kanta ƙwaya sunan maganin da ake haɗiya ne, kuma sunan abin da ɗan ƙwaya ke sha ne ya bugu, har akwai dattawan da in ka ce za ka ba su ƙwaya sai su ɓata rai su ce a yi musu allura.